Yadda Ake Farfaɗo da Ford Mustang ta 1967 a Garejin Gida, a Kuma Zamanantar da Ita

Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin motoci na Amurka sun yi ta rige-rigen cusa manyan injuna masu silinda takwas a cikin motoci masu ƙofa biyu, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger da Chevrolet Chevelle da Ford Mustang. Su ne ake yi wa laƙabi da motocin ƙwanji. Mun zaɓi Mustang ta 1967 da 'yar'uwarta ta 1968 saboda har yau ana ƙera sabon kusan kowane ƙarfe da ke jikinsu, tun daga noti har zuwa gangar jikin ɗungurungum, don haka aikinka ba zai tsaya don rashin kayan gyara ba.

Ka riƙe tsarin aikin tun yanzu: jiki da farko, sai ƙafafu da birki, sai inji da giya, sai mai da wuta. Da yawa daga motocin da suka shekara goma a kwance a gareji da inji aka fara su. Mai ita ya zuba kuɗinsa a inji, daga baya ya gano ƙasan motar ya ruɓe.

Kafin ka biya kuɗi

Fara da lambar shasi. A ƙirar 1967 tana buge a saman ƙarfen cikin fenda, ɓangaren direba, akwai kuma farantin bayani a jikin ƙofar direba. Ana iya sauya ƙofa, don haka wadda ke buge a ƙarfe ita ce shaida, kuma dole ta yi daidai da takardun mota. Alama ta farko shekara ce. Ta biyu masana'anta ce: F Dearborn, R San Jose, T Metuchen. Lambobi biyu na gaba siffar jiki ne: 01 mai rufi na yau da kullum, 02 mai gangaren baya, 03 mai buɗaɗɗen rufi. Harafi na biyar shi ne inji: T mai silinda shida, C da A injin 289 (lambar girman inji ce a awon inci kubik), K injin 289 mai ƙarfin doki 271, S babban injin 390. Kamfanin Marti Auto Works yana riƙe da bayanan Ford tun daga 1967, zai ba ka rahoton yadda motar ta fito daga masana'anta. Idan ka ga K ko S, kada ka yanke komai a jikinta, darajarta tana cikin zamanta yadda aka ƙera ta. Mai C ita ce ta dace da zamanantarwa. Mai T tana da araha, amma ƙafafunta masu noti huɗu ne, aksil ɗin baya ƙarami ne, duk sai ka sauya su idan za ka sa mata silinda takwas.

Ka tafi da tocila da maganaɗisu da sukundireba da galan ɗin ruwa. Wannan mota ba ta da shasi daban, jikinta shi ne shasinta, saboda haka tsatsa a nan karaya ce a ƙashin baya. Tuttula ruwan a ragar iskar da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, ka leƙa ƙarƙashin dashbod. Idan ruwa ya ɗigo a kan kafet, akwatin iskar nan ya huje, kuma shi ne ke ruɓar da daɓen motar. Gyaransa sai an fasa ɗigon walda fiye da ɗari, ka rage wannan daga farashi. Sai ka soki dogayen ƙarafan ƙasa na gaba da na baya da sukundireba, musamman inda safirin baya ya ɗauru. Duba ƙarƙashin batir, kusurwoyin but, da gidan shokozoba na gaba, wanda yakan tsage kusa da inda hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba daga sama, ya ɗauru. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, bodi fila ne a wurin.

Gareji da kwance mota

Kana buƙatar filin da ya kai na mota biyu, domin motar da aka kwance tana cin ninkin wurinta. Jak mai ɗaukar tan 3, sandunan tokare mota guda huɗu, ƙugiyar ciro inji, injin walda na MIG, giranda, kwamfaresa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulo. Notunanta na inci ne. Sifanonin milimita da aka saba da su a wajen Toyota da Peugeot za su zagaye maka kan noti: lamba 13 tana kama da rabin inci, amma ba ita ba ce. Ka nemi littafin gyara na Ford na wannan shekarar.

Cire batir, zuƙe fetur, fitar da tanki waje. Ɗauki hoton komai kafin ka kwance, ka zuba notunan kowane sashe a leda ka rubuta sunansa. Kada ka jefar da tsohon abu sai sabon ya zauna daram, domin sau da yawa ƙaramin ƙarfen da ke jikin tsohon ba ya zuwa da sabon. Tsohon takalmin birki da kuloci suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, ka jiƙa su kafin ka taɓa, kada ka hure su da iska.

Tsatsa da walda

Nan ne rabin aikin yake. Kafin ka yanke komai, daidaita motar a kan sanduna da ma'aunin ruwa, ka auna ta kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta. Idan za ka cire daɓe gaba ɗaya ko ƙarfen ƙarƙashin ƙofa, ka walda bututun ƙarfe a bakin ƙofofi da kuma daga gefe zuwa gefe. Wanda bai yi haka ba zai gama walda ya tarar ƙofa ba ta rufuwa. Ka gyara gefe ɗaya ka gama, ɗayan ya zama abin kwatance.

Wajen kankare tsohon fenti, fesa yashi ya dace da ƙasan mota da ɗakin inji. A kan rufi da bonet da ƙofofi kuwa yana lanƙwasa ƙarfe, garin gyaran gira a rasa ido. Waɗannan a yi musu da maganin cire fenti ko samfefa mai lamba 80. A inda rufi ya haɗu da jikin baya masana'anta ta yi amfani da dalma, ka sa abin rufe hanci na gaske idan za ka goge wurin.

Kaurin ƙarfen jiki bai wuce milimita 1 ko sama da haka kaɗan ba. Sa waya mai kaurin milimita 0.6 a injin walda, da gas mai kashi 75 argon, kashi 25 iskar kabon. Yanke ruɓaɓɓen wuri har sai ka kai ƙarfe mai haske da cikakken kauri. Gyara facin ya shiga baki da baki, ka bar 'yar tazara kamar kaurin wayar. Kada ka ja walda a layi ɗaya. Ka ɗiga nan, ka tsallaka santimita biyar ka ɗiga can, ka bari ya huce har ka iya ɗora hannu, ka dawo ka cike tsakani, har ɗigon su haɗe. Zafi ne ke murɗe fanel, kuma giranda ma tana kawo irin wannan zafin idan ka danne ta a wuri ɗaya. Inda masana'anta ta yi ɗigon walda, huda sabon ƙarfen da rami na milimita 8, ka matse shi da na ƙasa, ka cike ramin. Abu ɗaya mai kisa: kada ka wanke ƙarfen da za ka yi wa walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafin walda yana mai da shi iska mai guba. Yi amfani da asiton, ka bari ya bushe.

Tun da injin walda yana hannu, ƙarfafa jikin. Sa ƙarafan da ke haɗa shasin gaba da na baya a ƙarƙashin daɓe, kuma a walda su motar tana zaune a kan tayoyinta, in ba haka ba za ka kulle ta a karkace. A ɗakin inji, sa takalmin nan guda ɗaya da ke haɗa gidajen shokozoba da bangon inji, da sandar da ke ratsawa daga fenda zuwa fenda. Idan sandar ta ƙi shiga, alama ce gidajen sun sunkuyo ciki.

Duk ƙarfen da aka kankare a shafe shi da firama ta epoxy a ranar, domin tsatsa tana fara dawowa cikin sa'o'i. Bodi fila a kan epoxy, kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Goge da doguwar katako, lamba 80, sai 180, sai firama mai kauri, sai 320, sai 400 zuwa 600. Amma kada ka yi fentin ƙarshe tukuna. Ka ɗora inji da giya da lagireto da salansa na gwaji, ka huda duk ramin da za a huda, sannan ka sake kwancewa. Fentin zamani mai haɗin gida biyu yana cutar da huhu sosai, mu dai shawararmu ka yi shiri a gida, ka kai wa mai ɗakin fenti ya fesa.

Ƙafafu, sitiyari da birki

Safirin gaba yana zaune a kan hannun sama, a matse da ƙarfin da zai iya karya ƙashi. Ka yi amfani da abin matse safirin irin wanda ke shiga ta tsakiya, ta ramin shokozoba. Sauya hannun sama da na ƙasa, bol-joyin, tayarod, da duk bushin.

Kafin ka mayar da hannun sama, yi gyaran da injiniyan Ford Klaus Arning ya tsara, wanda mai ƙera motocin tsere Carroll Shelby ya yi amfani da shi a Mustang GT350 ta 1965: a sauko da ramukan da hannun ke ɗauruwa da inci 1. Ana sayar da farantin awo na wannan, kuma na ƙirar 1967 ya bambanta da na 1965 da 1966, kada ka haɗa su. Amfaninsa shi ne tayar waje tana kwanciya daidai a kan kwalta a lokacin kwana, maimakon ta kife a kan gefenta. Babu gyaran da ya kai wannan araha da amfani. Kada ka ɗaure notunan bushin roba gaba ɗaya sai mota ta sauka a kan tayoyinta da nauyin inji, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Awon alaimen da ke cikin littafin 1967 na tayoyin wancan zamani ne. Da tayar zamani ka nemi kasta (karkatar ƙafar gaba zuwa baya) digiri 2 zuwa 3 da rabi, kamba (karkatar saman taya) daga sifiri zuwa rabin digiri ciki, bakin tayoyin gaba ya shigo da milimita 3. Rim mai inci 15 da faɗin inci 7 da taya 225/60 yana shiga, amma ka auna zurfin rim kafin ka saya.

Yawancinsu da birkin diram suka fito a ƙafa huɗu. Idan ya yi zafi a gangare yana daina kamawa. Sa diski a gaba, domin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Diram mai kyau a baya ya wadatar ga motar titi. Dole a sauya mastan birki zuwa na diski gaba da diram baya, domin mastan diram yana riƙe ɗan matsi a layi, wanda zai sa kalifa ta riƙa jan diski har ya yi ja. A layin baya sa bawul mai rage matsi wanda ake iya juyawa, don kada baya ya riga gaba kullewa motar ta juya. Sauya duk bututun birki da sabo na inci 3/16, bakinsa ninki biyu. Kalifa a ɗaure ta da notin fitar da iska a sama, idan ka musanya hagu da dama ba za ka taɓa samun feda mai tauri ba. Fitar da iskar masta a kan benci tukuna, sannan baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Man birki DOT 3 ko DOT 4, kada a gauraya da DOT 5. Ka sa bel mai ratsa kafaɗa, a ɗaure shi a ƙarfen da aka ƙarfafa.

Inji

Injin Coyote na sabbin Mustang yana da faɗi, yawanci sai an yanke gidajen shokozoba an sauya ƙafafun gaba duka. Ba aikin farko ba ne. Tsaya a kan 289 ko 302. Faɗin silindarsu ɗaya ne, inci 4, bambancin a tafiyar fistin ne, 2.87 da 3.00.

Kai bulok wurin masu injin gyara a wanke, a binciki tsagewa, a auna. Ƙarin faɗin inci 0.030 shi ne aka saba. Bangon silindar siriri ne, idan aka kai 0.060 zafi yakan zama matsala. A sa wa tof silinda mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi, domin an ƙera shi ne don fetur mai dalma. Tof silinda na aluminiyam na zamani ya fi numfashi kuma ya fi sauƙin nauyi, idan aljihu zai ɗauka.

Wajen haɗawa, auna tazarar metal da zaren awo na Plastigage, ka nemi wajen inci 0.002 zuwa 0.0025 a manyan metal. Bakin rin na sama inci 0.016 zuwa 0.018. Idan ya yi kaɗan, da zafi ya zo bakunan za su haɗu su fasa kan fistin. Ɗaurin notunan asali: manyan metal Nm 81 zuwa 95, na konrod 26 zuwa 33, na tof silinda 88 zuwa 98, a mataki uku, daga tsakiya zuwa waje. Idan notunan kamfanin ARP ka saya, bi takardarsu.

Masu ɗauko injin 5.0, wato 302 na shekarun 1985 zuwa 1995, suna samun kamshaf mai rola, abu ne mai kyau, amma a nan ake yawan faɗawa rami. Nauyin daidaito na fulawil da fulin gaba ya sauya a farkon shekarun 1980, daga 28 zuwa 50 a awon oza-inci. Idan ka haɗa tsohon fulawil da sabon karanshaf, inji zai yi ta karkarwa har ya cinye metal. Botom filet ɗinsa, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, ba zai zauna ba, sai ka sa na tsohuwar mota mai zurfi a gaba, tare da bututun zuƙar mai da sandar awonsa. Famfon ruwansa na bel ɗaya baibai yake juyawa, idan ka sa masa tsohon fanbel mota za ta tafasa. Haƙorin distiributa ya zama na ƙarfen sitil ga kamshaf mai rola, na zubi ga tsohon iri. Jerin wuta ma kamshaf yake bi: tsohon 1-5-4-2-6-3-7-8, na 5.0 HO 1-3-7-2-6-5-4-8. Silinda 1 zuwa 4 suna ɓangaren fasinja, kuma rota tana juyawa saɓanin agogo.

Giya

Wannan ne zai fi sauya maka zaman motar a babban titi. Da aksil 3.55 da tsohuwar giya, a gudun kilomita 113 inji yana juyi kusan 3,300 a minti. Da T5 mai giya biyar, wadda ta biyar ɗinta 0.68 ce, zai sauko kusan 2,200. T5 ta ishi 302 mai matsakaicin ƙarfi, idan ya wuce nan ka nemi Tremec TKX. T5 irin ta World Class man giyar otomatik take sha, man giya mai kauri yana lalata mata shiga. Za ka buƙaci sabon ƙarfen tokare giya, kuloci na kebul ko na mai, da gyaran tsawon furofela. A auna furofela mota tana kan tayoyinta, a bar mata wasan wajen santimita 2. Idan AOD ta otomatik ka zaɓa, kebul ɗin da ke tsakanin totur da giya shi ke ba ta matsin mai, idan ba a saita shi ba za ta ƙone cikin 'yan kilomitoci.

Mai, wuta da sanyaya

A wannan mota saman tankin mai shi ne daɓen but. Ka sa sabon tanki, ka rufe shi da farantin ƙarfe, ka kuma sa wani farantin a bayan kujerar baya don raba but da ɗakin fasinja.

Kabureta mai girman CFM (awon yawan iskar da take wucewa) 500 zuwa 600 ta ishi wannan inji, da matsin mai psi 5 zuwa 7. Wadda ta fi haka girma sai ta sa mota ta shaƙe idan an taka. Idan kana son tashi da kik ɗaya safe da rana, akwai injekta mai zama a mazaunin kabureta, irin Holley Sniper, mai birenbos a jikinta. Tana buƙatar matsi wajen psi 58, don haka sai famfo a cikin tanki da tiyo na injekta. Wayoyinta biyu manya su tafi kai tsaye kan batir. Sensar hayaƙi a sa ta bayan inda bututun salansa suka haɗe, a ɗan ɗaga ta sama don kada ruwa ya kwanta mata. Ko ƙaramin yoyon salansa a gabanta zai ruɗe ta, ta riƙa zuba mai fiye da kima. Tarkon da ke kama mutane da yawa shi ne wayar nan mai ruwan hoda da ke zuwa kwayil: tana rage wuta da gangan saboda tsohon kontak. Injekta da distiributa ta lantarki suna son cikakken volt 12, a lokacin kik da bayansa, don haka ka ja musu ta rile.

Wayarin da ya haura shekara hamsin a sauya shi duka. Altanetar asali ba za ta ɗauki fanka da famfo da na'urar sanyi ba, ka sa altaneta samfurin 3G mai amp 130 ta Mustang 1994 ko 1995, da waya mai kauri da babban fiyus kusa da batir. Fitilun gaba su bi ta rile. Sa wayar at mai kauri daga batir zuwa inji, daga inji zuwa jiki, a kan ƙarfen da aka kankare fenti.

Lagireto na aluminiyam, da murfin da ke kewaye fanka, domin fanka mara murfi iskar gefe take ja. Tamostat mai digiri 82. Al'adar nan ta cire tamostat da ta yaɗu a garejinmu kada ka yi ta a nan: inji ba zai kai zafin aikinsa ba, birenbos zai ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara mai yana wanke silinda.

Tayar da inji

Zuba baƙin mai wajen lita 4.7. Cire distiributa, ka sa sandar juya famfon mai, mai kusurwa shida ta inci 1/4, a bakin diril, ka juya saɓanin agogo har mai ya fito a kowane roka. Ka naɗe soket da salatif don kada ya faɗa cikin inji. Mayar da distiributa silinda 1 tana sama a bugun matsi, ka saita wuta wajen digiri 10 zuwa 12 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Ajiye abin kashe gobara kusa, ka buɗe ƙofar gareji, mutum ɗaya yana kallon agogon mai da na zafi, ɗaya yana neman yoyo.

Idan kamshaf ɗin tsohon iri ne mara rola, sa mai mai yawan sinadarin zinc, kuma da zarar ya tashi ka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, kana ɗan hawa da sauka, na minti 20 zuwa 30. Kada ka bar shi a silo, domin fantsamar mai ce ke jiƙa kamshaf, kuma a silo ba ta isa. Idan wani abu ya taso, kashe shi, ka gyara, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Matsin mai kada ya gaza psi 10 a kowane juyi 1,000. Bayan nan sauya mai da filta, ka yanka filtar ka duba ko akwai garin ƙarfe. Cikakkiyar wuta ta tsaya a digiri 34 zuwa 36 wajen juyi 3,000.

Fitar farko a layin unguwa ne, ana gwada birki a ƙaramin gudu. A filin da babu kowa ka taka da ƙarfi daga kilomita 50, idan baya ya riga kullewa ka rage masa matsi. Bayan kilomita 80 ka sake bin notunan taya, na safirin baya, na furofela da na bakin salansa. A kilomita 800 a sake sauya baƙin mai, a koma wajen alaimen, domin a lokacin sabbin safirin sun gama zama.